SUNA LINZAMI: SHIN MAWAƘIYA NA IYA ƘWACE SUNA?

Ina neman a ba ni ɗan fili in baje wata magana da ta hana ni barci kwanakin baya, wadda ta shafi kowane mahaifi, ta kuma shafe mu, mu masu riƙe da alƙalami, fiye da yadda muke zato. Maganar suna ce, sunan 'ya mace guda ɗaya, wanda ya kusa haddasa gaba a gidanmu ana tsakiyar murna.

Ƙanena ya yi shekara takwas da aure babu haihuwa. An sha magani na asibiti da na gargajiya, an sha surutun dangi, har an fara raɗe-raɗin a ƙara masa mata. Sai Allah Ya kawo rabo, matar ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Ana kwana huɗu da haihuwa mai jego ta aiko uwargidana da saƙo, ta ce a gaya wa Yaya ita dai burinta a sa wa jaririyar nan Shakira, mijinta ya amince, amma Baffa ya ce atafau. Baffa shi ne ƙanen mahaifinmu, kuma tun rasuwar mahaifin namu ba a yanka rago a gidan sai da saninsa.

Bayan sallar isha'i na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Malam, kai ne mai boko a cikinku," in ji shi. "Na tambayi yaran nan, sun nuna mini matar a waya. Yanzu duk sunayen duniya a rasa wanda za a sa wa jikata sai na mai rawa?"

Na ce, "Allah Ya ƙara girma, Baffa, ai sunan ya girmi matar nan nesa ba kusa ba."

Ya ce, "Ya girme ta a littafi. A unguwar nan kuwa ita ta riga shi zuwa."

Na yi shiru, domin ban da amsa a lokacin. Wannan magana ta Baffa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: suna na wane ne? Na ma'anarsa ne, ko na wanda ya fi kowa shahara da shi, ko kuwa na yarinyar da za ta amsa shi har ƙarshen rayuwarta?

Sunan da mai sunan

Shakira kalmar Larabci ce, ma'anarta mace mai godiya, namiji kuma Shakir. Tushensu ɗaya da shukura da muka ara muke faɗi a Hausa, da Shukriyya, da Abdusshakur, domin Asshakur yana cikin sunayen Allah kyawawa. A Suratun Nahli an yabi Annabi Ibrahim da cewa mai gode wa ni'imomin Ubangijinsa ne, a Suratul Isra'i kuma an siffanta Annabi Nuhu da yawan godiya. Ke nan ta fuskar ma'ana babu malamin da zai ce sunan yana da aibi. Makwabtanmu Yarabawa Musulmi sun daɗe suna sa wa 'ya'yansu Shakiratu, kuma akwai tsofaffi masu jikoki da ke amsa sunan tun kafin a haifi mawaƙiyar da ake magana.

Ita kuwa mawaƙiyar, cikakken sunanta Shakira Isabel Mebarak Ripoll. An haife ta ranar 2 ga Fabrairu, 1977, a birnin Barankiya na ƙasar Kolombiya da ke Kudancin Amurka. Mahaifinta asalinsa Balaraben Labanan ne, daga gidan Kiristoci, ta nan sunan ya tsallaka teku. Wannan kaɗai darasi ne ga masu zaton duk sunan Larabci sunan Musulunci ne, alhali Larabci harshe ne da Musulmi da Kirista suke raɗa suna da shi. Yawancinmu a nan mun san ta ne a 2010, lokacin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Afirka ta Kudu, saboda waƙarta Waka Waka, wadda aka ɗauko amshinta daga wata waƙar Kamaru ta 1986 mai suna Zangalewa. Rawarta da shigarta ba irin waɗanda uba Bahaushe zai so 'yarsa ta kwaikwaya ba ne, wannan babu jayayya. Amma adalci ya sa in faɗi cewa a 1997 ta kafa gidauniyar da ke gina makarantu domin 'ya'yan talakawa a ƙasarsu, kuma a 2003 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya naɗa ta jakadiyarsa. A 2023 kuma ta amince a gaban wata kotu a Basalona ta biya tara kan batun haraji. Wato dai mutum ce kamar kowa, da farinta da baƙinta. Yaran da suka nuna wa Baffa waya rawar kawai suka nuna masa.

Hujjar Baffa

Kada mai karatu ya yi saurin cewa Baffa tsoho ne mai tsattsauran ra'ayi. Hujjarsa tana da ƙarfi, kuma ni malamin makaranta na fi kowa sanin haka, domin kullum da safe ni ke kiran suna a aji.

Suna ba a cikin ƙamus yake rayuwa ba, a bakin mutane yake. Idan na kira suna yara suka fashe da dariya, babu amfanin in tsaya ina fassara musu Larabci, mai sunan ta riga ta sunkuyar da kai. Hausawa suka ce suna linzami, kuma linzami ba mai doki kaɗai ke jan sa ba, duk wanda hannunsa ya kai yana iya fizga.

Ga misali da ya faru a kan idonmu. Usama suna ne mai daraja, ma'anarsa zaki. Usama ɗan Zaidu ɗan Harisa sahabi ne da Manzon Allah (SAW) yake matuƙar so, har ya naɗa shi shugaban runduna gab da wafatinsa, alhali yana saurayi. Amma bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka, iyaye da yawa a garuruwanmu sun sa wa 'ya'yansu Usama ba domin ɗan Zaidu ba, sai domin Bin Ladan, kamar yadda aka yi ta sa Saddam lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991. An rataye Saddam a ƙarshen 2006, an kashe Bin Ladan a Pakistan a 2011, zafin da ya sa iyaye suka zaɓi sunayen ya huce, yaran kuwa suna nan da kayansu a ka. Na koyar da wani daga cikinsu wanda ya zo ofis ya roƙe ni a canza masa suna kafin a yi rajistar jarrabawar fita, domin yana da burin karatu a waje, kuma yana tsoron kallon da za a yi wa fasfonsa. Yaron bai jefa kowa da ko tsakuwa ba. Mahaifinsa ne ya yi siyasa da sunansa, shi kuma yake biyan bashin.

A ƙasar Jamus ma haka ta faru. Adolf suna ne da aka saba da shi, sarakuna da talakawa sun amsa shi, amma bayan 1945 sai ya zama da wuya a sami iyayen da za su sa wa ɗansu shi, saboda Hitila. Ashe dai wake ɗaya yana iya ɓata gari. Duk wanda ya ce mutum guda ba ya iya ɓata suna, tarihi ya ƙaryata shi.

Akwai kuma wani abu da tsohuwarmu ta hango wanda ni da bokona ban hango ba. Da aka faɗa mata sunan sai ta ce, "Shaƙiyya? Wa zai sa wa 'yarsa shaƙiyya?" Kunnen Bahaushe yana da nasa hukunci. Suna yana iya zama zuma a Larabci, ya zo Hausa ya yi kama da zagi, kuma yara a filin wasa ba sa barin irin wannan dama ta wuce su.

Hujjar mai jego

To, amma ita ma mai jego ba a banza ta kafe ba. Saƙon da ta aiko na biyu ya fi na farko nauyi. Ta ce a gaya wa Yaya ita ba ta san waƙar matar nan ko ɗaya ba. A makarantar Islamiyya ta ji kalmar, kuma tun tana shekara ta biyar a gidan miji ta yi alkawari tsakaninta da Ubangijinta cewa in Ya ba ta 'ya, za ta kira ta da sunan godiya, domin duk lokacin da ta buɗe baki ta kira yarinyar ta tuna. Ta ce ita ta yi kukan shekara takwas, ba mawaƙiya ba.

Na koma littattafan tarihin Musulunci da wannan magana a zuciyata, sai na ga abin da ya ƙarfafa ta. Sunan Abu Jahli na yanka Amru ne, Amru ɗan Hishamu, kuma babu wanda ya fi shi shahara da ƙiyayya ga Musulunci a Makka. Duk da haka ba a umarci Amru ɗan Asi, wanda ya buɗe Masar, ya canza suna ba. Hindu 'yar Utba ta yi abin da ta yi wa gawar Sayyidina Hamza a Uhudu kafin ta musulunta, amma Ummu Salama, matar Manzon Allah (SAW), ita ma sunanta Hindu, kuma ba a sauya mata ba. Sunayen da aka ruwaito ya canza, saboda ma'anarsu ne. Ya mayar da sunan wata 'yar Sayyidina Umar daga kalmar da ke nufin mai saɓo zuwa Jamila. Ya mayar da Barra zuwa Zainab, domin sunan farko yana ɗauke da yabon kai. Ya kuma so ya canza wa kakan Sa'idu ɗan Musayyib suna daga Haznu, wato mai tsauri, zuwa Sahlu, wato mai sauƙi, tsohon ya ƙi. A duk waɗannan, abin da aka auna shi ne abin da kalmar ke faɗi, ba halin wani da ya taɓa amsa ta ba.

Daɗin daɗawa, in muka ce duk sunan da wani mai abin kunya ya shahara da shi ya haramta gare mu, da wane suna za mu tsira? Akwai Muhammadu a gidan yari, akwai A'isha a gidan rawa. Zunubi na mai yin sa ne. In muka bar wa mawaƙiya sunan godiya domin ta riga mu shahara da shi, gobe wata za ta fito da sunan haƙuri, jibi wata da sunan imani, mu kuwa muna ta ja da baya har mu wayi gari talabijin ce ke yanke mana sunan da za mu sa da wanda za mu bari.

Inda gizo ke saƙa

Na daɗe ina juya hujjojin nan biyu, sai wani misali ya warware mini ƙullin. A ƙasar Masar an yi mawaƙiya Ummu Kulsum, wadda ake wa laƙabi da Tauraruwar Gabas. Shekara da shekaru Larabawa suna taruwa a gaban rediyo daren Alhamis ta farkon wata domin sauraronta, kuma da ta rasu a watan Fabrairu na 1975 titunan Alƙahira sun cika maƙil da masu rakiyar gawarta. A duniyar Larabawa shahararta ba ta da na biyu. Amma ka shiga kowane gida a Kano ko Damagaram ka ce Ummu Kulsum, ko Kaltume, babu wanda zai tuna da mawaƙiya. 'Yar Manzon Allah (SAW) za a tuna, sannan a tuna da gwaggo ko kaka mai sunan.

Me ya bambanta Ummu Kulsum da Shakira? Saiwa. Sunan da ya yi saiwa a cikin al'umma, wanda kakanni suka amsa, aka binne mutanen kirki da shi, iskar shahara ba ta iya tumɓuke shi. Dubi yadda muka yi da sunayen Larabci na farko: muka tauna su har suka zama namu. Fatima ta zama Binta, A'isha ta zama Indo, Hauwa'u ta zama Kulu, Maryam ta zama Mairo, Zainab ta zama Abu, Khadija ta zama Dije. Kowace 'yar fim na iya amsa Fati, sunan ba zai girgiza ba, domin Fatin da ke gidanka ta fi ta talabijin kusa da zuciyarka. Shakira kuwa baƙo ne a ƙasar Hausa. Ba mu da kaka Shakira, ba mu da malama Shakira da ta koyar da unguwa karatu. Ɗakin babu kowa, shi ya sa wadda ta fara shiga ta baje tabarmarta. A nan Baffa ya yi gaskiya da ya ce ta riga sunan zuwa.

Sai dai gaskiyarsa ta yau ce kawai. Kowane suna da muke tinƙaho da shi ya taɓa zama baƙo. Akwai lokacin da Tanko da Kande da Gambo su ne 'yan gida, Ibrahim da Halima kuma sababbin zuwa. Suna ba ya yin saiwa sai wani ya yi ƙarfin halin dasa shi. Ita kuma shahara ba ta da dogon rai. Tambayi ɗalibanka na aji ɗaya sunayen 'yan wasan Indiya da iyayensu suka yi ta rububin kallo a silima, za ka ga suna kallon ka kamar ka yi musu Sinanci. Jaririyar nan, in Allah Ya raya ta, za ta kai lokacin da ba mai tuna Waka Waka sai tsofaffi.

Saboda haka ni a nawa ɗan fahimtar, suna amana ce da ake karɓa a madadin wanda bai iya magana ba tukuna, kuma mai riƙon amana ba son ransa yake dubawa ba. Akwai tambayoyi uku da ya kamata mahaifi ya yi wa kansa kafin ya kira liman. Ta farko, mene ne ma'anar kalmar, kuma ya tabbatar daga masani, domin na ga iyaye sun tsinci kalma a cikin Alƙur'ani sun sa wa 'ya saboda daɗin sauti ba su san abin da take nufi ba. Ta biyu, don wa nake sa sunan nan? In don wani mashahuri ne mai rai, to a yi hattara, domin littafin mai rai ba a rufe shi ba, ba ka san abin da zai rubuta a shafin gobe ba. Ta uku, ranar da yarinyar ta girma ta ce, "Baba, me ya sa ka sa mini wannan suna?", ina da amsar da zan ba ta ba tare da na sunkuyar da kai ba? Mahaifin ɗalibina Usama ya faɗi a tambaya ta biyu da ta uku, ko da yake sunan da ya zaɓa na sahabi ne. Matar ƙanena ta haye duka ukun, ko da yake sunan da ta zaɓa na mawaƙiya ne a kunnen unguwa. Abin da ya rage a kanta shi ne tsokanar yara, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma nauyi ne da iyaye za su iya taya yarinya ɗauka in sun ba ta labarin sunanta tun tana ƙarama.

Kira ga 'yan'uwa marubuta

Wannan magana ta dawo kanmu. Mu ma masu raɗa suna ne, har mun fi liman yawan raɗawa, domin kowane littafi da taron sunansa. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba zai ji an ce Malam Zurƙe bai yi murmushi ba. Waɗanda suka karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a shekarun 1990 sun san yadda sunan Sumayya ya zauna a zukatan matasa, ga shi kuma sunan shahidiya ta farko a Musulunci. Ashe ikon da muke tsoro a hannun mawaƙiyar Kolombiya, akwai irinsa a hannunmu.

To, yaya muke amfani da shi? Na lura a littattafanmu da yawa yarinya kyakkyawa 'yar mai kuɗi ita ke samun sabon sunan Larabci mai santsi, 'yar aiki da muguwar kishiya da baƙauyiya kuwa su ake bar wa Talatu da Delu da Asabe. Da hannunmu muke koya wa 'yan mata jin kunyar sunan kakanninsu. Ina da ɗalibai da suke ɓoye sunan da ake kiran su a gida kamar wani ciwo. In muna kuka da baƙi sun ƙwace mana suna, mu fara duba waɗanda muka zubar da kanmu. Marubucin da ya ƙirƙiro Delu likita mai mutunci, ko Shakira malamar makaranta mai tsoron Allah, ya yi wa wata jaririya da bai sani ba hidimar da ta fi ragon suna.

Kammalawa

Daren suna na koma wurin Baffa. Ban kai masa tarihin Jamus ko na Masar ba. Saƙon mai jego kawai na isar masa kamar yadda ta faɗa, har da maganar kukan shekara takwas. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba, sannan ya ce, "Alkawari da Allah ba na shiga tsakani. Amma ku sani, ku kuka ɗauko, ku za ku cika shi. In yarinyar nan ta tashi ba ta iya gode wa mutane ba, kun yi ƙarya sau biyu."

Da safe liman ya raɗa suna, aka yi addu'a, aka raba goro da dabino, wanzami ya yi aikinsa. Wasu samari a bakin ƙofa sun yi 'yar dariya da maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan, na ji su da kunnena, kuma na san ba ita ce dariya ta ƙarshe ba. Tsohuwarmu kuwa har yau harshenta ya ƙi sunan. Ta tambayi ma'anarsa, aka gaya mata, ta ce ai sai ku faɗa mini da Hausa tun farko. Godiya take kiran ta, yanzu kuma rabin gidan sun bi bakinta.

Ina roƙon 'yan'uwa masu ra'ayi daban, musamman iyaye mata da malaman Larabci da ke cikin wannan ƙungiya, su aiko da nasu a fitowa ta gaba. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa su cika sunayensu, amin.